Ƙarfi Ba A Ƙwanji Kaɗai Yake Ba

 A ƙasar Hausa idan aka ce wane ƙaƙƙarfa ne, abin da mai sauraro zai fara kawowa a ransa shi ne ƙato mai faɗin ƙirji da murɗaɗɗen ƙwanji, irin ɗan dambe ko ɗan kokawa, ko kuwa wanda zai saɓi buhun gero shi kaɗai. Siririn yaro kuwa, sai a riƙa yi masa ba'a, ana cewa iska ma za ta ɗauke shi. Ni dai a ganina wannan awo bai cika ba, domin akwai wani ƙarfi da ido ba ya gani, wato ƙarfin zuciya da jini, kuma shi ne lafiyar ɗan Adam ta fi dogara a kansa. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne yadda wasannin juriya, kamar gudun dogon zango da tseren keke da iyo da tuƙin kwalekwale, suke siffanta jikin gwanayensu, da kuma dalilin da ya sa nake ganin makarantunmu da iyayenmu ba su ba irin waɗannan wasanni haƙƙinsu ba.

Bari mu fara da zuciya, tun da ita ce uwar aiki. Malaman kimiyya sun koya mana cewa zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta shi ne tura jini zuwa huhu ya ɗebo iskar oksijin, sa'an nan ta tura shi sauran jiki. Idan mutum yana zaune, zuciyarsa tana bugawa wajen sau 70 a minti ɗaya, kowane bugu kuma yana fitar da jini kamar mililita 70, wato kusan lita 5 ke nan a minti. Idan ya zabura da gudu iyakar ƙarfinsa, zuciyar wanda bai saba ba za ta iya kaiwa lita 20 ko 25 a minti. Ta gwanin gudun dogon zango kuwa tana iya kaiwa lita 35 har 40. Saurin bugun nasu kusan ɗaya ne. Bambancin yana ga yawan jinin da kowane bugu ke fitarwa, domin ɗakin hagu na ƙasa a zuciyar gwanin ya buɗe ya ƙara faɗi saboda aikin shekara da shekaru. Kamar masu ɗiban ruwa biyu ne a rijiya, ɗaya da ƙaramin guga, ɗaya da babba. Mai babban guga zai cika randa bai ja igiya da yawa ba.

Wannan sani ba na yau ba ne. Tun a shekarar 1899 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Henschen ya ƙwanƙwasa ƙirjin masu tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya gane cewa zuciyarsu ta fi ta sauran mutane girma, ya kuma ce girman na lafiya ne. A shekarun 1920 wani masani ɗan Ingila, A. V. Hill, ya fito da hanyar auna iyakar oksijin da jiki zai iya amfani da ita a minti ɗaya, kuma har yau da wannan awo ake gwada juriyar 'yan wasa. Saurayin da ba ya motsa jiki yakan sami wajen mililita 40 ga kowane kilo na nauyinsa, manyan gwanaye kuwa sukan sami 70 zuwa 85. Kun ga ninki biyu ke nan.

To, abin sha'awa shi ne, duk da cewa dukansu manyan zukata gare su, kowane wasa da irin jikin da yake so. Ɗauki mai gudun fanfalaki, wanda nisansa kilomita 42 ne da mita 195, wato kusan tafiyar Kano zuwa Wudil. Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya tsawonsa bai kai mita 1.7 ba, nauyinsa kuma kilo 50 ne da 'yan kai. Amma a shekarar 2019 a birnin Biyana ya yi wannan nisa cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, ko da yake ba a lissafa shi cikin bajintar gasa ba, saboda an shirya masa masu share hanya. Idan muka yi lissafi, ya riƙa cin mita 100 cikin daƙiƙa 17, sau fiye da 420 a jere ba hutawa. Duk wanda yake ganin wannan wasa ne, ya gwada sau huɗu kawai a filin makaranta. Mai gudu shi ke ɗauke da nauyin jikinsa a kowane taku, saboda haka duk wani kilo na ƙari kaya ne. Ban da wannan, ƙaramin jiki ya fi saurin fitar da zafi, siririn ƙwauri kuma ya fi sauƙin wurgawa gaba. Shi ya sa za ka ga gwanayen wannan wasa kamar a hure su su faɗi, alhali a cikin ƙirjinsu akwai injin da ƙato ba shi da irinsa.

Mai tuƙin kwalekwale kuwa labarinsa dabam ne. Shi jirgi ne ke ɗauke da shi, don haka nauyi bai dame shi sosai ba. Abin da ake nema a gare shi shi ne doguwar ƙafa da dogon hannu da babban jiki mai shan oksijin da yawa. Steve Redgrave na Ingila, wanda ya ci lambar zinariya a gasar Olamfik sau biyar a jere daga 1984 zuwa 2000, tsawonsa ya haura mita 1.9, nauyinsa kuma ya kai kilo 100, wato kusan Kipchoge biyu. Tserensu mita 2,000 ne, ana gama shi cikin minti shida ko bakwai, kuma a kowace ja mutum yana yunƙurawa da dukan jikinsa, jini ya hau. Saboda haka zuciyarsu tana ƙara faɗi, bangonta kuma yana ƙara kauri. A shekarar 1991 wasu likitoci a Italiya, a ƙarƙashin Antonio Pelliccia, sun ba da sakamakon awon zuciyar manyan 'yan wasa 947. Mutum 16 ne kawai aka samu da kaurin bangon zuciya na milimita 13 ko fiye, kuma 15 daga cikinsu matuƙa kwalekwale ne, na cikon sha shidan kuma ɗan tseren keke.

Shi ɗan tseren keke, idan ka dube shi, sai ka ga cinyoyi manya, hannuwa kuwa sirara. Gasar Tour de France ta ƙasar Faransa mako uku ake yi ana fafatawa, nisanta ya haura kilomita 3,000, ana hawa duwatsu ana gangarowa. Miguel Indurain na ƙasar Sifen ya cinye ta sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, kuma an ba da rahoton cewa idan yana hutawa zuciyarsa sau 28 kawai take bugawa a minti. Da wani ne aka kawo asibiti da irin wannan bugu, da hankalin likita ya tashi. Sai dai keke yana da nasa aibin. Da yake ƙafa ba ta dukan ƙasa, ƙashi ba ya samun abin da zai ƙarfafa shi, kuma an sha samun manyan 'yan tseren keke da ƙashi marar ƙwari, saɓanin masu gudu.

Mai iyo kuma ruwa ne ke tallafe da shi. Doguwar gangar jiki da faffaɗar kafaɗa da dogayen hannuwa su ne jarinsa, domin yana ratsa ruwa kamar yadda dogon jirgi ke yi. Michael Phelps na Amurka, mai lambobin Olamfik 28, waɗanda 23 daga ciki zinariya ne, tsawonsa mita 1.93 ne, amma idan ya ware hannuwansa faɗinsu ya kai mita biyu. Sai kuma masu zamiya a kan dusar ƙanƙara na ƙasashen Nowe da Suwidin da Finlan, waɗanda ke aiki da hannu da ƙafa gaba ɗaya. Da yake tsoka mai yawa ke neman jini a lokaci guda, suna cikin waɗanda suka fi kowa yawan awon oksijin a duniya. An ba da rahoton cewa Bjorn Daehlie na Nowe ya kai 96.

Me muka koya daga wannan jeri? Mun koyi cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a shekarar 2009, jibgegen mutum ne mai tsawon mita 1.95. Tsokar ɗan Adam iri biyu ce. Akwai mai saurin zabura da saurin gajiya, akwai kuma mai aiki a hankali wadda ba ta gajiya da wuri. Masu gajeren gudu sun fi yawan ta farko, masu dogon zango sun fi yawan ta biyu. To, a nan ne nake da ƙorafi. A makarantu da yawa, idan za a zaɓi 'yan wasa, sai a jera yara a ce su yi mita 100, wanda ya zo na ƙarshe a sallame shi a ce ba shi da amfani, ya koma gefe ya yi tafi. Wa ya sani ko yaron nan da aka kora shi ne zai zagaye fili sau ashirin bai yi haki ba? An gwada shi ne da ma'aunin da ba nasa ba. Ranar gasar gidaje ma, ana gama gajeren gudu da ƙwallo sai jama'a su watse, masu dogon zango su ƙarasa babu mai kallonsu sai malamin da ke riƙe da agogo.

Wani zai ce, ai wannan baiwa ce, wanda aka haifa da ita shi ke da ita, to me zai sa mu wahalar da kanmu? Gaskiya ne akwai gado a ciki. Eero Mantyranta na Finlan, wanda ya ci lambobin Olamfik bakwai daga 1960 zuwa 1968, an gano cewa a danginsu ake haihuwar mutane da jajayen ƙwayoyin jini fiye da na kowa. Wurin zama ma yana taimakawa. Garin Iten na Kenya yana kan tudu mai bisan mita 2,400, Bekoji na Habasha kuma wajen mita 2,800. A irin wannan wuri oksijin da ke shiga jini ba ta da yawa, sai jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓin. Amma baiwa kaɗai ba ta kai mutum. Oskar Svendsen na Nowe an auna shi a 2012 aka sami fiye da 96, amma ya ajiye tseren keke a 2014 bai zama zakaran manya ba. Rashin daɗewa ana horo ma haka yake kai mutum baya. Hamadu Jibo Isaka na Jamhuriyar Nijar ya shiga tseren kwalekwale na Olamfik a Landan a 2012 bayan horon wata uku kawai. Ya nuna jarumta, 'yan kallo sun yi masa tafi, amma an ba shi rata fiye da minti ɗaya, domin abokan karawarsa sun yi shekaru suna gina zuciyarsu. Mu ma a Nijeriya muna da tudun Jos da na Mambila, amma tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, yawancin manyan kyaututtukan 'yan Kenya da Habasha ke kwashewa. Abin da suka fi mu shi ne sun fara tun suna yara, kuma jama'arsu na girmama mai gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma babban dalilina ya wuce neman lambar zinariya, domin a cikinmu da wuya a sami wanda zai je Olamfik. Abin da ya shafe mu duka shi ne, zuciyar kowa tana amsa horo, kuma tana lalacewa da zama. A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya binciki dubban ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Ya tarar cewa direbobi, da ke wuni a zaune, sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya, su da ke wuni suna hawa bene suna sauka. A 1966 kuma a birnin Dalas na Amurka aka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har mako uku. Da suka tashi, juriyarsu ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan biyar, sai aka ga kwanciyar mako uku ta fi tsufan shekara 30 yi musu lahani. Kakanninmu ba su buƙaci wannan nasiha ba, domin noma da kiwo da daka da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa sun ishe su. Mu kuwa daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai babur ko Keke Napep, sauran lokacin kuma kai a sunkuye kan waya. Ga hawan jini da ciwon sukari sun zama ruwan dare a garuruwanmu.

Na san iyayenmu suna da tsoro iri biyu, kuma ban raina ko ɗaya ba. Na farko shi ne kada gudu ya gajiyar da zuciyar yaro. Bari mu yi lissafi. Zuciyar da ke bugawa sau 70 a minti tana yin bugu 100,800 a kwana ɗaya. Wadda horo ya saukar da ita zuwa 50 tana yin 72,000. Ko da mai ita ya yi gudun sa'a guda zuciyar na bugawa sau 150 a minti, ƙarin 6,000 ne kawai, jimla 78,000. Ashe zuciyar mai gudu ta fi ta mai zama samun hutu. Sai dai akwai waɗanda ke da ɓoyayyen ciwo tun asali. Iyayenmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, ko Marc-Vivien Foe na Kamaru, wanda ya rasu a filin wasa a Faransa a 2003, aka kuma gano yana da ciwon kaurin tsokar zuciya. Maganin wannan shi ne awo kafin wasa, kamar yadda dokar Italiya ta wajabta wa 'yan gasa tun 1982. Duk mai sikila ko asma, ko wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri idan ya yi gudu, ko wanda wani danginsa ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, to ya ga likita tukuna. Mai zazzaɓi kuma kada ya kuskura ya shiga fili. Likitoci sun kuma lura cewa waɗanda suka yi shekaru da dama suna horo mai tsanani sun fi saurin samun rikicewar bugun zuciya idan sun manyanta. Wannan ya shafi masu wuce gona da iri ne, mu kuwa ko gonar ba mu shiga ba.

Tsoro na biyu shi ne kada wasa ya cinye lokacin karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsa jiki kowace rana ga yara daga shekara 5 zuwa 17. Wanne ne a cikinmu zai rantse cewa ba ya ɓata sa'a guda a hira ko a waya? Ƙwaƙwalwa ma da jini take aiki, kuma wanda ya motsa jikinsa ya fi samun barci mai daɗi. Wannan magana ta haɗa da 'yan'uwanmu mata, domin zuciyarsu ba ta bambanta da tamu wajen amsa horo ba. Derartu Tulu, 'yar garin Bekoji, ta ci zinariyar mita 10,000 a Olamfik ta 1992. Ana iya ware wa ɗalibai mata lokacinsu da filinsu da malama, su yi cikin suturar da iyayensu suka yarda da ita.

Ina kuma jan kunnen 'yan'uwana game da neman gajeriyar hanya. Lance Armstrong na Amurka ya zo na ɗaya a Tour de France sau bakwai daga 1999 zuwa 2005, amma a 2012 aka ƙwace duka, saboda an tabbatar ya yi amfani da magungunan ƙara jini da aka haramta. Irin wannan magani yana sa jini ya yi kauri har ya wahalar da zuciya. Haka nan ƙwayoyin da wasu samari ke haɗiya wai don kada su gaji, ɓoye gajiyar kawai suke yi, jiki kuwa yana nan yana cutuwa. Tsada ma ba hujja ba ce ta zama. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi a ƙafarsa ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, abubuwa huɗu. Na ɗaya, a daina sa gudu a matsayin horon mai laifi, domin yaron da aka saba cewa ya zagaye fili don ya makara zai girma yana ƙin gudu har abada. Na biyu, kada a bar gudun dogon zango sai rana ɗaya a shekara, a kwashi yaran da ba su shirya ba a sake su cikin rana. A fara da kaɗan makonni kafin gasa, da sassafe ko da la'asar sakaliya, a tanadi ruwan sha, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Na uku, a nemi ma'aikacin lafiya ya duba ɗalibai a farkon kowace shekara. Na huɗu, a ba wanda ya ci dogon zango kyauta da yabo daidai da wanda ya ci mita 100. Iyayenmu kuma ina roƙon su ba mu goyon baya, su ma su riƙa taka ƙasa, ko da tafiyar rabin sa'a ce a rana.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ga wani gwaji da ba ya bukatar ko kwabo. Gobe da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya, ka rubuta a bayan littafinka. Ka riƙa sassarfa ta minti 20 ko 30 sau uku a mako har ƙarshen zangon karatu, sa'an nan ka sake ƙirgawa. Yawancinmu za su ga adadin ya sauka. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita. Allah Ya ƙara mana lafiya da nisan kwana, amin.